Tarihin Binciken Dangantakar Parataroid da Hawan Jini

Makasudin wannan takarda shi ne a bi sawun bincike iri biyu da suka taso dabam-dabam, watau binciken kalshiyam da binciken hawan jini, a nuna yadda suka haɗu, da kuma iyakar abin da haɗuwar tasu ta tabbatar.

Parataroid wasu 'yan tsokoki ne guda huɗu a wuya, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, suna manne a bayan tsokar nan da idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Richard Owen ya fara lura da irinta sa'ad da ya feɗe wata karkanda da ta mutu a gidan namun daji na Landan a 1849. Ivar Sandström, ɗalibin likita a Uppsala ta ƙasar Suwidin, shi ya bayyana su a jikin ɗan Adam a 1880, ya kuma raɗa musu suna. Amfaninsu bai fito sarari ba sai a 1909, lokacin da MacCallum da Voegtlin a Amurka suka nuna cewa idan aka cire su, kalshiyam na jini yakan ragu, jiki ya sanƙare. A 1925 James Collip na Kanada ya tatso sinadarin da suke zubawa cikin jini, wanda aikinsa shi ne ɗaga kalshiyam ta hanyar jawo shi daga ƙashi da hana ƙoda zubar da shi.

Binciken hawan jini shi ma yana da tushe a Suwidin. A 1898 Tigerstedt da Bergman suka sami wani sinadari a ƙodar zomo mai ɗaga ƙarfin jini, suka kira shi renin. Aka yi watsi da maganar har 1934, sa'ad da Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar karnuka ya ga jininsu ya hau. Daga nan masana a Ajantina da Amurka suka gano anjiyotensin, wanda renin ke haddasawa, mai tsuke jijiyoyi. A 1953 kuma Simpson da Tait suka ware aldosteron, sinadarin da ke fitowa daga tsokar da ke bisa ƙoda, mai sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa.

A gadon asibiti hanyoyin biyu suka haɗu. A 1958 Hellström da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa hawan jini ya yawaita tsakanin masu ciwon parataroid mai wuce kima wajen aiki. Da na'urorin awon jini suka yaɗu a shekarun 1970, sai aka riƙa samun masu wannan ciwo da yawa tun kafin ya nuna alama, tambayar kuwa ta ƙara nauyi.

Amsar da bincike ya bayar tana da rassa. Na farko, kalshiyam shi ke sa tsokar jijiya ta tsuke, don haka yawansa kan ɗaga ƙarfin jini. Na biyu, a yawancin gaɓoɓi ƙaruwar kalshiyam takan sa a zubo sinadari, amma a parataroid da kuma ƙwayoyin ƙoda masu fitar da renin, ƙaruwarsa hana zubowa take yi. A 1993 Brown da Hebert suka gano ma'aunin da parataroid ke jin yawan kalshiyam da shi, daga bisani aka same shi a waɗannan ƙwayoyi na ƙoda. Na uku, sinadarin parataroid yana zuga fitar aldosteron, shi kuma aldosteron idan ya yi yawa yakan sa kalshiyam ya zube cikin fitsari, sai parataroid ta ƙara ƙaimi. Ke nan kowanne yana ingiza ɗan'uwansa. A 2002 Yan Chun Li a Shikago ya ƙara da cewa ɓerayen da jikinsu ba ya amsa bitamin D suna da renin mai yawa da hawan jini.

Sai dai kuma dangantaka dabam, magani dabam. Tun 1925, da Felix Mandl ya cire parataroid mai ciwo a Biyana, aka san fiɗa tana gyara kalshiyam, tana ceton ƙashi. Amma hawan jini sau da yawa yakan zauna bayan fiɗar, musamman idan ƙoda ta riga ta taɓu. Shi ya sa ƙa'idojin likitoci na yau ba su ɗauki hawan jini shi kaɗai a matsayin dalilin yin fiɗa ba.

A ƙarshe, akwai darasi ga mu malamai. Mun saba koyar da wuya a babi guda, ƙoda a wani babi, kamar babu ruwan wannan da wancan. Shekara 60 cur ne tsakanin gano renin da rahoton Hellström. Ya kamata ɗalibanmu su san wannan tarihi, domin su koyi tambayar abin da wata gaɓa ke yi wa 'yar'uwarta tun suna aji.