Armand Diangienda: Matuƙin jirgin sama da ya koma jagoran makaɗa a Kinshasa

A wannan makon na ɗauko tarihin wani ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Armand Diangienda, mutumin da ya tara talakawan unguwa ya mayar da su ƙungiyar makaɗa da aka san ta har ƙasashen Turai.

Bari in fara da bayanin okestira, don a gane aikin nasa. Taro ne na makaɗa masu yawa, kashi huɗu: masu goge irin na Turawa, manya da ƙanana; masu busa sarewa da danginta; masu kayan busa na tagulla irin kakaki; sai masu ganguna. Kowa na karanta kiɗan daga takarda. Jagora yana tsaye gabansu da 'yar sanda, shi ke nuna inda za a fara, inda za a yi sauri, da inda za a sassauta. Idan ya kuskure, kowa ya watse.

Asalinsa

Diangienda jika ne ga Simon Kimbangu, malamin addinin Kirista da Turawan Beljiyam suka ɗaure a 1921, ya rasu a kurkuku a 1951. Mahaifinsa, Joseph Diangienda Kuntima, shi ya shugabanci cocin mabiya Kimbangu har rasuwarsa a 1992. Armand kuwa tuƙin jirgin sama ya koya. A 1992 jirgin da ya saba tuƙawa ya yi haɗari lokacin ba ya bakin aiki, daga nan aikin ya ƙare.

Kafa ƙungiyar

A 1994 ya kafa Orchestre Symphonique Kimbanguiste a birnin Kinshasa. Bai yi makarantar kiɗa ba, da kansa ya koyi karanta rubutun kiɗa da jagoranci, sannan ya koya wa wasu. Farkon lamarin da wuya. Goge bai isa kowa ba, sai dai a yi karɓa-karɓa: wannan ya gwada, ya miƙa wa na gaba. In tsirkiya ta tsinke, wayar birki ake ɗaurawa. Daga baya wasu daga cikinsu suka koyi sassaƙa kayan kiɗan da katakon gida.

Makaɗan ba albashi suke ɗauka ba. Akwai 'yan kasuwa, masu gyaran wuta, masu gyaran gashi da ɗalibai. Mutum zai wuni neman abinci, da yamma ya taka zuwa gidan Diangienda a unguwar Ngiri-Ngiri don gwaji, ga ɗauke wuta ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal ya san wannan yanayin. A haka ƙungiyar ta kai mutum kusan 200, makaɗa da mawaƙa.

Yadda duniya ta san su

A 2010 wasu Jamusawa biyu, Claus Wischmann da Martin Baer, suka fitar da fim mai suna Kinshasa Symphony, wanda ya nuna yadda suka shirya kiɗan Beethoven na tara. A 2012 shirin 60 Minutes na tashar CBS ta Amurka ya yi rahoto a kansu. A 2013 ƙungiyar Royal Philharmonic Society ta Landan ta ba Diangienda mambancin girmamawa, sannan a 2014 suka yi wasa a Ingila.

Abin da na gani a ciki

A ganina, koyarwar ta fi kiɗan muhimmanci. Wanda ya iya yana koya wa sabon shiga, shi ma ya koya wa na bayansa, shi ya sa ƙungiyar ba ta dogara ga malaman waje ba. Yaron da ya saba zuwa gwaji kan lokaci, ya saurari na kusa da shi, ya bi jagora, ya samu tarbiyyar da za ta yi masa amfani ko ya bar goge.

Ga mazauna Legas da ke son ganin irin wannan kiɗa da idonsu, akwai cibiyar MUSON a Onikan. An kafa ƙungiyar a 1983, kuma tana da makarantar kiɗa da tata okestirar.