Wa Ke Biyan Kuɗin Makarantar? Baƙar Fata a Manyan Littattafan Amurka

Duk wanda ya jera littattafai ukun nan da Amurkawa suka fi ji da su a kan bauta da wariyar launin fata, wato Uncle Tom's Cabin na 1852, da Adventures of Huckleberry Finn na 1885, da To Kill a Mockingbird na 1960, zai ga zare ɗaya ya ratsa su. A kowanne akwai baƙar fata mai haƙuri da aka zalunta, a gefensa kuma akwai ɗan Bature da idonsa ke buɗewa saboda ganin zaluncin. Yaron ke ɗaukar darasi, baƙar fatar ke biyan kuɗin makaranta, wani lokaci da 'yancinsa, wani lokaci da ransa. Wannan tsari ya zama al'ada a ƙagaggun labaran ƙasar fiye da shekara ɗari. A ganina shi ya sa littattafan suka shiga gidaje da azuzuwa, shi ne kuma ya yi musu iyaka.

Harriet Beecher Stowe, marubuciyar Uncle Tom's Cabin, ce ta kafa tubalin. Abin da ya tunzura ta shi ne dokar 1850 da ta wajabta wa mutanen arewacin Amurka su taimaka a kamo bawan da ya tsere daga kudu. Littafinta ya sayu kimanin kwafi 300,000 a shekarar farko a Amurka kaɗai, shekara tara kafin ɓarkewar yaƙin basasa. Tom, bawan da labarin ke ɗauke da sunansa, dukan kawo wuƙa aka yi masa a gonar Simon Legree don ya ƙi faɗin inda wasu bayi mata biyu suka ɓuya, kuma ya cika yana yafe wa waɗanda suka kashe shi. Ribar mutuwar ta faɗa hannun George Shelby, ɗan tsohon ubangidansa, wanda ya iso a makare, ya koma gida ya 'yanta bayin gidansu. Su kuwa bayin da suka ƙwaci kansu da ƙafarsu, George Harris da matarsa Eliza, marubuciyar ba ta sama musu mazauni a Amurka ba, Laberiya ta tura su.

Wurin Mark Twain lamarin ya fi zurfi, don shi a cikin al'ummar da ke bautar da mutane ya buɗe ido, a garin Hannibal na jihar Missouri. Huck, ɗan wani mashayi, ya gudu daga gida, ya haɗu da Jim, bawan da ya tsere bayan ya ji uwargijiyarsa Miss Watson na shirin sayar da shi a dala 800. Suka bi kogin Misisipi a kan gungumomin da aka ɗaure wuri guda. Gwanintar Twain ita ce ya nuna yaron da tarbiyyar garinsu ta karkatar wa zuciya, har yana ganin taimakon bawa sata ce kuma zunubi. A babi na 31 Huck ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa zai tona inda Jim yake, sai ya tuna alherin da mutumin ya yi masa, ya yage takardar alhali ya haƙiƙance wuta zai shiga saboda haka. Da wuya a sami shafi a adabin Amurka da ya fi wannan fallasa yadda al'umma ke iya mayar da mugunta ibada. To amma me ya biyo baya? Tom Sawyer, abokin Huck, ya ɓullo, ya mayar da kuɓutar da Jim wasan yara, aka zuba wa babban mutum mai mata da 'ya'ya macizai da ɓeraye a ɗakin da yake tsare, Huck na biye. Daga ƙarshe ta bayyana Tom ya san tun farko cewa Miss Watson ta rasu kuma ta 'yanta Jim a wasiyyarta. Dala 40 ya ba shi ladar wahala.

Harper Lee, marubuciyar To Kill a Mockingbird, ta gaji tsarin kusan yadda yake. Littafinta ya fito shekara shida bayan Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, amma ta mayar da labarin baya zuwa shekarun 1930, a wani ƙagaggen gari na jihar Alabama. An zargi Tom Robinson da yi wa wata farar fata fyaɗe. Lauya Atticus Finch ya nuna wa kotu cewa hannun hagun mutumin ya shanye tun yana yaro sakamakon injin gurzar auduga, alhali raunukan matar sun nuna bahago ne ya doke ta. Duk da haka Turawa goma sha biyu masu yanke hukunci suka ɗora masa laifi, daga baya masu gadin kurkuku suka zuba masa harsashi 17. Mai karatu na jin duk wannan ne daga bakin Scout, 'yar lauyan, kuma labarin ya rufe da abin da ita ta koya. Gidan mamacin, da matarsa Helen da 'ya'yansa, leƙe ɗaya aka yi musu aka wuce.

Masu kare littattafan suna da hujjoji, kuma ba na banza ba. Suna cewa wanda ke riƙe da bulala shi ake wa wa'azi, don haka dole marubucin da ke son sauyi ya bi ta zuciyar Bature. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai musun cewa Stowe ta girgiza arewa. Sai dai maganin da ya yi amfani a 1852 an ci gaba da shan sa har 1960, lokacin da baƙaƙen Montgomery suka riga suka shafe fiye da shekara guda suna tafiya a ƙafa don ƙaurace wa motocin bas masu wariya. Mutanen da ke jagorantar gwagwarmayarsu a titi, a littafi suna zaune a benen kotu suna jiran lauya. Wasu kuma na cewa ƙarshen labarin Twain habaici ne: ya fara rubutun a 1876, ya kammala a 1883, a tsakani gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu a 1877, aka bar 'yantattun bayi a hannun tsofaffin iyayengijinsu, don haka wasan Tom Sawyer hoton ƙasa ne mai wasa da 'yancin wanda ta riga ta 'yanta. Fassarar na da ƙarfi, ina ma karkata gare ta. Amma ko habaicin ne, da jikin Jim aka yi shi, ba a kuma tambaye shi ya ya ji ba.

Hujjar da ta fi rauni ita ce wai ana auna mutanen da da mudun yau. Mudun na nan tun a zamaninsu. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a Maryland a 1838, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1845, shekara bakwai kafin Stowe. A ciki bawa ne ke koya wa kansa karatu, shi ne ke tsayawa ya yi dambe da Covey mai horar da bayi, sauyin zuciyar nasa ne. Richard Wright ya ji haushin yadda littafinsa na farko ya ba masu karatu damar su yi kuka su sami sauƙi, sai ya fito da Native Son a 1940 da jarumin da ba ya neman tausayin kowa. A 1949 James Baldwin ya caccaki Stowe kan cewa ta tuɓe wa Tom mutuntakarsa don ta mayar da shi waliyyi. Toni Morrison, wadda ba ta goyi bayan cire Huckleberry Finn daga makarantu ba, ta nuna a 1992 cewa marubuta farar fata sun daɗe suna amfani da baƙar fata a matsayin madubin duba kansu.

Ita kanta al'adar ta fara tona kanta. A 2015 aka buga Go Set a Watchman, rubutun farko na Harper Lee, sai ga Atticus ɗin da ake yi wa kallon gwarzon adalci yana halartar taron masu kare wariya, abin da ya tayar da hankalin masu karatu da yawa. A 2024 kuma Percival Everett, marubuci baƙar fata, ya sake ba da labarin tafiyar nan ta Misisipi daga bakin Jim, a littafin da ya sa wa suna James, wanda ya ci lambar Pulitzer a 2025. James ya fito ne shekara 140 bayan littafin Twain ya fara fitowa a Ingila.