Daga Kwali Zuwa Memori: Hanyar Fim Zuwa Bacirawa

A Bacirawa fim bai taɓa shigo mana ta ƙofar silima ba. Su Plaza da Orion da Marhaba na mutanen birni ne, kuma ko a birnin ba kowane uba ke son a ga ɗansa a bakinsu ba. Mu a aljihu yake iso mana. Wanda ya kai gyaɗa ko albasa cikin gari zai biya ta Bata ko Ƙofar Wambai ya sayo kaset, da daddare a tayar da janareto a zauren mai bidiyo, yara su biya kuɗin shiga, matan aure kuma su aika a karɓo musu haya su kalla a tsakar gida bayan an kwashe tuwo.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, babu banki ko gwamnati a bayan sana'ar. Karo-karo ne na 'yan wasan kwaikwayo, sai abin da mutum ya ranto wajen 'yan'uwa. Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne tsarin cinikin da ya kafu daga baya, wato cinikin kwali. Furodusa zai gama fim da guminsa, ya miƙa wa 'yan kasuwa su kwafa, shi kuma ya buga kwalin da ake saka kaset a ciki. Ɗan kasuwa ya sayi kwali, ya naɗi fim a kan kaset ɗinsa, ya sayar. Rabon mai fim ke nan: kuɗin kwali, shi ma sau da yawa bashi, wanda bai shiga ba a dawo masa da abinsa. To kaset ɗaya a Bacirawa sai ya zaga unguwa kaf, daga gidan amarya zuwa gidan mai jego, har hoton ya fara rawa, amma a littafin mai fim mutum ɗaya ne ya kalla.

Duk da haka an samu kuɗi. Sangaya a 1999 da Wasila a 2000 sun nuna cewa akwai kasuwa, a 1999 ɗin ne kuma mujallar Fim ta fara fita, sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Da kuɗi ya taru a hannun 'yan kasuwa sai suka koma masu zuba jari, mai jari kuwa shi ke faɗin fuskar da za a sa a kwali da yawan waƙoƙin da za a cusa. A ƙauye camamar marigayi Rabilu Musa Ibro ta fi komai tafiya, don yana magana irin tamu.

Hukumar tace finafinai ta Kano ta zo a 2001, dakatarwar da aka yi wa shirya finafinai a 2007 ta kori wasu zuwa Kaduna, amma ba su suka karya kasuwar ba. Faifan CD ya sauƙaƙa satar fasaha, sannan wayar hannu ta ƙarasa aikin. Ga fassarar Indiya-Hausa ta su Algaita, mai arha da daɗin kallo. Shagunan kaset suka koma sayar da wasu kayan.

Daga nan aka shiga laluben mafita. Dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 da aka shirya ginawa a Kofa ta Bebeji ya mutu a 2016 bayan malamai sun yi ca a kansa. Silimar Filmhouse da aka buɗe a Ado Bayero Mall ta ba finafinai irin Mansoor na Ali Nuhu, a 2017, damar sayar da tikiti, aka fara sanin mutum nawa suka biya suka zauna. Sai dai manomin da zai haɗa kuɗin mota da na tikiti don kallo ɗaya, ga taki bai saya ba, ba ya cikin wannan lissafin.

Yanzu shirye-shirye masu dogon zango ke riƙe da sana'ar. Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, Labarina ya biyo baya, Izzar So kuma ya nuna cewa YouTube da masu talla za su iya biyan aiki. YouTube na ƙirga duk wanda ya danna, amma data na da tsada a wajenmu. Da yamma za ka ga samari a rumfar mai caji sun miƙa memori. Shi ya sauke sabon kashi sau ɗaya da sassafe, yanzu yana tura wa kowa, yana karɓar canji yana jefawa a gwangwanin madara.