Vera Caslavska da Taken Ƙasar Rasha, 1968

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbi a Wurno ko Goronyo da rani, ya ga yara suna alkafura cikin rairayi, ya riga ya ga tushen wasan da za a yi magana a kansa a nan. Turawa ne suka ɗauki irin wannan wasa suka yi masa ƙa'idodi da alƙalai, suka sa shi cikin wasannin Olimfik, mata ma suka shiga. Mace takan gwada gwanintarta wuri huɗu: ta tsallake dokin katako, ta yi lilo bisa sanduna biyu waɗanda ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta yi tafiya da juyi bisa wata azara wadda faɗinta bai wuce inci 4 ba, sa'an nan ta sauko fili ta yi alkafura ana kiɗa. Wadda makinta ya fi yawa bayan an haɗa duka, ita ce gwana ta gwanaye.

An haifi Vera Caslavska ran 3 ga Mayu, 1942, a birnin Prag, cikin ƙasar da a da ake kira Cekoslobakiya. Harafin farko na sunan nan nata ana furta shi kamar c ta Hausa. Ta fara da rawa da sulu bisa ƙanƙara, daga baya wata gwana, Eva Bosakova, ta jawo ta ga wannan wasa. Ta je Olimfik na Roma cikin 1960, ƙungiyar ƙasarta ta zo ta biyu. A Tokiyo cikin 1964 ta ci lambar zinariya 3, ta kuwa kā da Larisa Latynina ta Rasha, wadda ta riƙe girman nan tun 1956. Cikin 1965 da 1967 kuma ba ta bar wa kowa zinariya ko ɗaya ba a gasar Turai.

Amma abin da ya sa masu tarihi ke kula da ita ya faru ne cikin 1968. A shekarar nan shugaban jam'iyyar kwaminis ta ƙasarsu, Alexander Dubcek, ya sassauta mulki, ya bar jaridu su faɗi abin da suka gani. Cikin watan Yuni wani marubuci, Ludvik Vaculik, ya fitar da takarda mai suna "Kalmomi Dubu Biyu", yana neman a ci gaba da gyaran. Caslavska ta sa hannu a kanta. Daren 20 ga Agusta sojojin Rasha, tare da na Folan da Hangari da Bulgeriya, suka shigo ƙasar da tankokin yaƙi. Wasannin Meksiko kuwa saura kamar wata biyu.

Don gudun kamu sai ta ɓuya cikin duwatsun Jeseniky, wajen garin Sumperk, har kusan mako uku. A nan ne labarin ya fi kusa da abin da malamin makarantar ƙauye ya sani, watau koyar da wasa ba kayan aiki. Gungumen itace ya zama azararta, reshen bishiya ya zama sandar lilo, ciyawar fili ta zama daɓe. Takan ɗaga buhunan dankali don kada ƙarfinta ya ragu, ta kwashi gawayi da shebur don kada kantar hannunta ta ɓace, gama mai lilo bisa sanda in tafinta ya yi laushi sai fata ta saɓule. Abokan karawarta na Rasha kuwa sun riga sun isa Meksiko suna sabawa da iskar wurin. Sai a ƙurarren lokaci aka ba ta izinin tafiya.

Duk da haka ta ci zinariya 4 da azurfa 2. Biyu daga cikin hukuncin alƙalai suka jawo gardama. A wasan azara aka ba Natalia Kuchinskaya ta Rasha zinariya, 'yan kallo suka daɗe suna ihu ba su yarda ba. A wasan fili kuwa, bayan an ɗauka Caslavska ta ci ita kaɗai, sai aka ƙara makin da Larisa Petrik ta samu tun farko, suka yi kunnen doki. Sau biyun nan, da aka busa taken ƙasar Rasha, Caslavska ta sunkuyar da kai, ta kau da fuska gefe. Ba ta ce uffan ba. Cikin wasannin nan ne kuma baƙaƙen Amurka biyu, Tommie Smith da John Carlos, suka ɗaga dunƙulen hannu, duniya ta fi riƙe nasu hoton. Nata motsin ƙanƙane ne, amma mutanen Prag da suka gani a talbijin sun fahimci abin da take nufi sarai.

Wanda zai auna wannan al'amari da adalci sai ya lura cewa sunkuyar da kai na ɗan lokaci ne, abin da ya fi wuya shi ne wanda ya biyo baya. Da ta koma gida aka yi ta matsa mata ta janye sa hannunta daga takardar Vaculik. Mutane da yawa, har da manya, sun janye don su tsira da aikinsu. Ita ta ƙi, ta kuwa ci gaba da ƙi shekara da shekaru. Aka hana ta fita ƙasar, aka hana ta aikin da ya dace da ita, har ta kai ga share gidajen mutane don ta sami abin ciyar da 'ya'yanta, mace mai lambar Olimfik 11, 7 a ciki na zinariya. Sai cikin 1979 aka bar ta ta tafi Meksiko koyarwa, ta dawo cikin 1981.

Da mulkin kwaminis ya faɗi cikin 1989, Shugaba Vaclav Havel ya ɗauke ta mai ba shi shawara. Ta shugabanci kwamitin Olimfik na ƙasarta daga 1990 zuwa 1996, ta kuma zauna cikin babban kwamitin Olimfik na duniya daga 1995 zuwa 2001. Ta rasu a Prag ran 30 ga Agusta, 2016, tana da shekara 74.