Kannywood: Tarihin Masana'antar Fina-finan Hausa

Kannywood ita ce masana'antar shirya fina-finan Hausa, wadda cibiyarta take birnin Kano, take kuma da rassa a Kaduna, Jos, Katsina, Sakkwato da wasu garuruwan arewacin Nijeriya. Ta soma ne a 1990. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba, ba kuma wani babban kamfani ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni da marubutan littattafan soyayya da 'yan kasuwar kaset ne suka gina ta da kuɗin aljihunsu. Shi ya sa tarihinta yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da hanyar da fim ke bi ya isa ga mai kallo. Duk sa'ad da hanyar ta sauya, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa tauraron ɗan'adam da intanet, sai masana'antar ta girgiza, sannan ta sake fasali.

Kafin zuwan bidiyo

Hausawa sun san fim tun zamanin Turawa. Motar majigi ta riƙa zagaya garuruwa da ƙauyuka tana nuna fina-finan wayar da kai a kan noma da tsafta da biyan haraji, irin su Baban Larai na 1955. A Kano an buɗe gidan silima na Rex a 1937, daga baya aka sami Palace da Plaza da Orion da Eldorado da sauransu. 'Yan kasuwa Kwarori da ke riƙe da yawancin gidajen ne suka riƙa kawo fina-finan Indiya, waɗanda suka shiga ran masu kallo saboda labaransu na auren dole da biyayyar iyaye da kunya sun yi kama da rayuwar gida.

An yi wasu fina-finan Hausa na silima, kamar Shehu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa a 1991. Amma irin wannan aiki yana cin kuɗi ainun, don haka bai yawaita ba. Inda wasan Hausa ya yi ƙarfi shi ne talabijin. A Kaduna Usman Baba Pategi ya yi suna da Samanja, Ƙasimu Yero kuma da Karambana. A Kano gidan CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa ya ba ƙungiyoyin wasa dandalin nuna basirarsu. Daga waɗannan ƙungiyoyi ne 'yan fim na farko suka fito.

Zamanin kaset

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari yana cikin 'yan wasa. Shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya yi kasuwa. Ƙungiyar ta biyo shi da Gimbiya Fatima, wanda karɓuwarsa ta nuna wa jama'a cewa harkar za ta iya ciyar da mai yin ta.

Marubuta sun shigo da ƙarfinsu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim, aka kuma yi haka da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Masu karanta littattafan, musamman matan aure da ke cikin gida, su ne suka zama masu sayen kaset ɗin. Wannan babban al'amari ne, domin a da shiga silima abin kunya ne ga mace mai mutunci. Kaset kuwa ya kai fim har tsakar ɗaki.

Tsarin ciniki na lokacin na musamman ne. Furodusa zai haɗa kuɗi daga 'yan'uwa da abokai ya yi fim, ya buga kwalayensa, ya kai wa dillalan Bata da Ƙofar Wambai tare da uwar kaset. Su dillalan ne ke kwafa, su saka a kwali su sayar, ribar furodusa kuwa tana cikin yawan kwalin da ya shige. Daga Kano kaya ke tafiya Maraɗi da Damagaram da Yamai, har Ghana da Kamaru da Sudan da wuraren Hausawan Saudiyya. Hanyar da kaset ya bi ita ce daga baya ta kawo wa masana'antar mutane irin su mawaƙiya Fati Nijar da jaruma Hadiza Gabon.

Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Muhammad, shi ne ya tabbatar da salon soyayya da rawa da waƙar fiyano. Wasila ya biyo baya a 2000. A daidai wannan lokaci aka sami mujallun da ke bin harkar: Tauraruwa, inda Sunusi Shehu Daneji ya fara amfani da sunan Kannywood a 1999, shekaru uku kafin a ji Nollywood, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, wadda ita ma ta soma fita a 1999. A ɓangaren barkwanci kuwa, Rabilu Musa Ibro ya riƙe kasuwar da ake kira camama har rasuwarsa a 2014.

Tacewa da takaddama

Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. Aka hana namiji da mace taɓa juna a fim, aka sa ido a kan sutura da rawa. 'Yan fim suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar MOPPAN don su yi magana da murya ɗaya. Muhawarar ta kai jami'a: a 2003 aka yi babban taro a Kano a kan fina-finan Hausa, inda masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka zauna da 'yan fim da masu sukarsu.

Lokaci mafi tsanani shi ne daga 2007. Bayan yaɗuwar wani bidiyon sirri na wata jaruma, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wata shida. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, Ibro da furodusa Hamisu Lamiɗo Iyantama kuma a 2008. Da yawa suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna da Jos. Rashin jituwar bai ƙare nan ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano bayan wasu malamai sun yi adawa da shi.

Faɗuwar kasuwar faifai da sabon zango

Faifan CD ya maye gurbin kaset, amma ya zo da satar fasaha mai sauƙi. Da wayoyin hannu suka yawaita, masu turawa a bakin titi suka riƙa zuba wa mutum fina-finai da dama a kan kuɗi kaɗan, furodusa bai ga ko kwabo ba. Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa suka ƙara raba masu kallo. Shaguna da yawa na dillalan Kano suka rufe ko suka sauya sana'a.

Mafita ta zo ta talabijin da intanet. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ta kuma nuna Labarina na Aminu Saira. A YouTube, Izzar So na Lawan Ahmad ya nuna cewa fim mai dogon zango zai iya mayar da kuɗinsa daga talla da yawan masu kallo. Yau wannan salo ne ya fi rinjaye, kuma ya dawo wa marubucin labari da daraja, domin shirin da zai riƙe mai kallo mako bayan mako ba ya tsayuwa a kan waƙa kaɗai.

Bukukuwa da kyaututtuka

Masana'antar ta daɗe tana shirya bukukuwan karrama 'ya'yanta, kuma gasar Africa Magic ta taɓa ware rukuni na musamman ga fim ɗin Hausa. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos tana shirya bikin Zuma a Abuja. A 2018 aka soma bikin KILAF a Kano, wanda Abdulkarim Muhammad ya assasa don fina-finan harsunan Afirka, a shekarar kuma aka fara bikin fina-finai na Kaduna. Amfanin waɗannan taruka ya wuce kambu: a nan matashin darakta ke samun horo, ya haɗu da mai sayen fim, ya ga aikin takwarorinsa na wasu ƙasashe. A 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka kuma zaɓi Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, ya wakilci ƙasar a neman kyautar Oscar.

Har yanzu jari yana da wuya, gidajen silima na zamani a Arewa kaɗan ne, kuma takaddama da hukumar tacewa takan taso lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma aikin da ba ya jira: kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, fina-finan shekarun 1990 da yawa sun yi wuyar samu. Tattara su da mayar da su cikin kwamfuta nauyi ne a kan jami'o'i da hukumomi da su 'yan fim ɗin, domin a cikinsu akwai Hausar zamanin da suturarsa da damuwar mutanensa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi su suna raye, za su iya ba da labarin yadda aka yi.