Mahamadu Isufu: Daga Madugun Adawa Zuwa Shugaban Ƙasar Nijar

Sau huɗu Mahamadu Isufu yana tsayawa takarar shugaban ƙasar Nijar yana faɗuwa, wato a 1993 da 1996 da 1999 da kuma 2004. Sai a karo na biyar, a shekarar 2011, ya sami abin da yake nema. A tsakanin waɗannan shekaru ya riƙe muƙamin firaminista da na shugaban majalisar dokoki, an yi masa ɗaurin talala, an tsare shi, kuma ya ga sojoji sun ƙwace mulki har sau uku. Tarihinsa ya nuna wani abu game da siyasar Nijar: da wuya ɗan takara ya ci zaɓe tun a zagaye na farko, saboda haka sau da yawa wanda ya zo na uku shi ne yake zaɓar wanda zai hau kujera.

Asalinsa da aikinsa

An haifi Isufu a shekarar 1952 a ƙauyen Dandaji, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa. Bahaushe ne. Ya karanta lissafi a Yamai, sa'an nan ya wuce Faransa, inda ya zama injiniyan haƙar ma'adinai a makarantar da ke birnin Saint-Étienne. Da ya dawo gida ya riƙe muƙamin daraktan ma'adinai na ƙasa daga 1980 zuwa 1985, daga bisani ya koma kamfanin SOMAIR mai haƙar yuraniyom a Arlit, can cikin hamada.

A wancan lokaci babu jam'iyyun adawa a Nijar. Janar Saini Kunce ya yi mulkin soja daga 1974 har rasuwarsa a 1987, wanda ya gaje shi kuma, Janar Ali Saibu, ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, a 1989. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a gadar Kennedy da ke Yamai, aka yi asarar rayuka. Daga nan ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka matsa wa gwamnati lamba har ta yarda da kafa jam'iyyu. A watan Disamba na 1990 Isufu da abokansa, waɗanda akasarinsu malaman makaranta ne da ma'aikata, suka kafa PNDS-Tarayya. Cikinsu akwai wani malamin falsafa, Muhammad Bazum. Manyan jam'iyyun Nijar na wannan zamani duk sun ɗauki laƙabi na Hausa: MNSD-Nasara, CDS-Rahama, ANDP-Zaman Lafiya. Shi kansa Isufu magoya bayansa sun sa masa suna Zaki.

Ƙawance da ɓaraka

Bayan babban taron ƙasa na 1991 da gwamnatin riƙon ƙwarya, aka yi zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 1993. Tanja Mamadu na MNSD ya zo na ɗaya, Mahaman Usman na CDS ya zo na biyu, Isufu ya zo na uku da kimanin kashi 16 cikin ɗari. Sai jam'iyyun da ba sa son tsohuwar jam'iyyar gwamnati ta koma kan mulki suka haɗa kai a cikin ƙawancen AFC, suka mara wa Usman baya, ya ci zagaye na biyu. Ladan Isufu shi ne muƙamin firaminista, wanda ya karɓa a watan Afrilu.

Gwamnatin ta tarar da baitulmali ba kuɗi, albashi yana makara, ga tawayen Abzinawa a arewa. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Ana cikin haka shugaban ƙasa ya sa hannu a kan wata doka da ta rage ikon firaminista. Isufu ya yi murabus a watan Satumban 1994, ya fitar da jam'iyyarsa daga AFC, ya ƙulla ƙawance da MNSD, wato jam'iyyar da ya taimaka aka kayar shekara ɗaya da rabi kafin nan. Wasu sun kira wannan cin amana, shi kuwa yana ganin an karya alkawarin da aka yi da shi ne.

Shugaba Usman ya rushe majalisa, amma a zaɓen Janairun 1995 sabon ƙawancen ya sami rinjaye. Hama Amadu na MNSD ya zama firaminista, Isufu ya zama shugaban majalisa. Shekara guda aka yi ana zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, ayyukan gwamnati suka tsaya cik. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka.

Shekarun adawa

Ba'are ya shirya zaɓe a watan Yulin 1996, ya kuma tsaya takara. Ana cikin zaɓen ya rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta, ya naɗa wata, aka yi wa abokan takararsa ɗaurin talala a gidajensu, aka ce shi ya ci. Wannan ya haɗa tsofaffin abokan gaba wuri ɗaya. A watan Janairun 1997 aka kama Isufu da Tanja da Usman bayan wata zanga-zanga, aka tsare su na wasu kwanaki. Mulkin Ba'are ya ƙare ranar 9 ga Afrilun 1999, lokacin da dogaransa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. Manjo Dauda Malam Wanke ya karɓi mulki, ya shirya zaɓe a cikin shekarar.

A wannan karo Isufu ya kai zagaye na biyu, da ƙyar ya wuce Mahaman Usman. Amma Usman, wanda ya zo na uku, bai manta da abin da ya faru a 1994 ba. Ya goyi bayan Tanja, Tanja ya ci, Isufu ya tashi da kashi 40 cikin ɗari. Haka aka sake yi a 2004: Usman ya zo na uku, ya bi Tanja, Isufu ya sami ƙasa da kashi 35. Duka biyun ya karɓi sakamakon, ya koma majalisa a matsayin madugun adawa.

Shekara goma ya yi a wannan matsayi. Ƙarfin PNDS yana jihar Tawa da kuma tsakanin 'yan boko da 'yan ƙwadago, sai ya riƙa faɗaɗa ta sannu a hankali zuwa sauran jihohi. Babbar nasararsa a majalisa ta zo ranar 31 ga Mayun 2007, sa'ad da 'yan adawa suka gabatar da ƙuri'ar yanke ƙauna a kan gwamnatin Hama Amadu saboda wata badaƙala ta kuɗin ilimin firamare. Wasu daga cikin 'yan majalisa na ɓangaren gwamnati suka bi su, gwamnatin ta faɗi.

Tazarce

Tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar biyar, don haka ya kamata Tanja ya sauka a ƙarshen 2009. Sai magoya bayansa suka fara kiran “tazarce”, kalmar da 'yan Nijeriya suka sani tun zamanin Janar Abaca, suna cewa a ƙara masa shekara uku ya kammala ayyukan da ya fara. Tanja ya rushe majalisa a watan Mayu. Da kotun tsarin mulki, a ƙarƙashin Fatimata Bazai, ta ce ƙuri'ar raba gardamar da yake so ta saɓa wa doka, ita ma ya rushe ta a ƙarshen Yuni. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, 'yan adawa suka ƙaurace mata.

Isufu ya kira abin da ya faru juyin mulki, ya kuma yi kira ga jami'an tsaro da kada su bi umarnin da ya saɓa wa doka. An tsare shi na ɗan lokaci, daga baya aka tuhume shi da almundahana, ya ce bi ta da ƙulli ne na siyasa. A ƙarshen Oktoba aka ba da sammacin kama shi yana Nijeriya, sai ya dawo Yamai da ƙafarsa. A cikin wannan watan ƙungiyar ECOWAS ta dakatar da Nijar, ta kuma sa Janar Abdulsalami Abubakar ya shiga tsakani, amma tattaunawar ta cije. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji a ƙarƙashin Salu Jibo suka kama Tanja a fadarsa.

Tazarce ta sake raba katin siyasa. Hama Amadu ya riga ya ɓata da Tanja, ya bar MNSD, ya koma sabuwar jam'iyyar MODEN-Lumana. A zaɓen 31 ga Janairun 2011 Isufu ya zo na ɗaya da kashi 36, Saini Umaru na MNSD ya zo na biyu, Hama ya zo na uku. Hama ya mara wa Isufu baya, mutumin da ya kayar da gwamnatinsa shekara huɗu da suka wuce. Ranar 12 ga Maris Isufu ya ci da kashi 58 cikin ɗari, Saini Umaru ya amince da sakamakon, aka rantsar da sabon shugaba ranar 7 ga Afrilu.

Bayan hawa kujera

Ƙawancen bai daɗe ba. A 2013 Hama ya koma adawa, daga baya aka tuhume shi a shari'ar safarar jarirai, wadda ya ce ƙulli ne na siyasa. Yana kurkukun Filinge aka yi zagayen farko na zaɓen 2016, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, Isufu ya sami fiye da kashi 92. Masu suka suka ce tsohon madugun adawa ya ƙuntata wa 'yan adawarsa kamar yadda aka taɓa ƙuntata masa. Magoya bayansa kuwa suna kafa hujja da cewa bai nemi tazarce ba. Ranar 2 ga Afrilun 2021 ya miƙa mulki ga Muhammad Bazum, karo na farko ke nan a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe, aka kuma ba shi kyautar Mo Ibrahim.

Bazum bai ƙarasa wa'adinsa ba. Ranar 26 ga Yulin 2023 Janar Abdurahman Ciyani, wanda Isufu ya naɗa shugaban dogaran fadar shugaban ƙasa tun 2011, ya kifar da shi. A watan Maris na 2025 gwamnatin soja ta rushe dukkan jam'iyyun siyasa, har da PNDS-Tarayya, bayan ta yi fiye da shekara 34 da kafuwa.