Anthony Munoz, Garkuwar Bengals

A ƙwallon Amurka akwai ƙattai biyar a sahun gaba, aikinsu tare abokan hamayya don kada su cafke mai jefa ƙwallo. Ba a cika yi musu tafi ba. A cikinsu, ni Anthony Munoz na fi girmamawa. Tun yana jami'ar Kudancin Kalifoniya gwiwa ta dame shi, aka yi ta yi masa aiki, har wasu ƙungiyoyi suka ji tsoron ɗaukarsa. Cincinnati Bengals ta yi kasada, ta zaɓe shi na uku a 1980. Shekara 13 ya yi yana tsare mata gefen hagu. Sau biyu suka kai Super Bowl, a 1982 da 1989, duka biyun San Francisco ta doke su. A 1998 aka shigar da shi zauren gwanaye na Canton.